Ƙila a Yi Ruwa

Duk sanda na ji yaran makarantar bayan gidana suna rera darasin Turanci baki ɗaya, sai in tuna ajinmu. Ni kam da yunwa na koyi harshen nan, a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar, shekarar da fari ya ƙone mana ƙasa.

Malaminmu, bawan Allah, yana koya mana 'yan ƙananan kalmomin nan na Bature: "can" ita ce iyawa, "must" dole, "may" kuwa ƙila. Da ruwan sama yake kawo misali, don ba zancen da ke bakin kowa sai shi. Ya rubuta a allo, mu maimaita: "It may rain." Muna faɗa muna leƙen sama ta taga, ita kuwa fes, ko ɗigon girgije babu. Ran da ya sa mu ce "We must eat", wato dole mu ci abinci, muryoyinmu suka mutu a tsakiya. Ya dube mu, ya ajiye alli, ya goge allon.

A gida saura damin gero ɗaya tak, na iri, rataye a ɗakin kakana. Mun koma cin dusa da ganyen tafasa. Ƙanina na goye ko kuka ya daina, sai ido. Mahaifina ya durƙusa gaban tsohon ya ce, "Baba, a sussuke damin nan. Yaron nan ba zai kai ba." Kakana ya ce atafau binne za a yi, a shuka a busasshiyar ƙasa a jira ruwa. In aka ci iri, baɗi gidan duka zai tafi.

Ranar ya kira ni da tsokanarsa ta kullum: "Amarya, me boko ya koya miki yau?" Na ce yadda Bature ke cewa ƙila a yi ruwa. Ya ce, "To, gaya wa malaminki mu ma nan muka tsaya." Wallahi ban taɓa jin muryarsa da rauni haka ba.

Aka yi binne. Yayyafi ya sauko sau ɗaya, tsiro ya leƙo kore shar, muka yi ta murna. Daga nan rana ta bi shi ta ƙone ƙurmus. Ƙanina bai ga ƙarshen daminar ba.

Kullum safiya mahaifina yakan durƙusa ya gai da kakana, amma daga gaisuwa ba ƙari. Kakana ya shiga turo mana akushinsa, wai haƙori ke damunsa. Kafin wata damina muka binne shi.

Yanzu 'ya'yana a waya suke duba ranar da za a yi ruwa, iri kuwa sai dai a sayo a kasuwar Maigatari. Da mahaifina ya tsufa, na taɓa tambayarsa ko damin nan zai ceci yaron.

Ya ce, "Ban sani ba, 'yata. Shi ya sa na kasa yafe masa, na kuma kasa ganin laifinsa."