Fuskar Baba Yohanna

Ranar da Saratu ta shigo shagona tana neman fuskar mahaifinta, har gobe ba ta bar raina ba. Ku da kuke koyon ɗaukar hoto a hannuna kun san ni da surutu, har ana cewa ran da na yi shiru a Suleja kasuwa ma ba za ta ci ba. To, ran nan bakina ya mutu. Bari in faro muku daga tushe.

A farkon wani Disamba, 'yan shekarun baya, aka kira ni aiki a wani lambu da ke bayan rafin Iku. Ba lambun tumatir da albasa ba ne. Wani mai hali ne ya killace fili, ya tara itatuwa da furanni iri-iri, kowanne da ɗan allo mai sunansa, 'yan makaranta suna zuwa kallo. Manajan wurin, Malam Isiyaku, yana son hotunan da za a buga kalandar sabuwar shekara. Tsarin aikin shi ne in ɗauka, manaja ya zaɓa, mai lambu ya amince, sannan a tura wa masu bugawa a Kaduna.

"Furanni kawai, Sabo," in ji manaja. "Kada in ga ko ɗan yatsan mutum. Ba biki ba ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a wannan sanyin? Rabin itatuwanka sun tuɓe tsirara. Ni da za a tuɓe ni haka, wa zai rataye ni a bangonsa?"

Bai yi dariya ba. Ya haɗa ni da mai ban ruwan lambun, Baba Yohanna, wani gajeren dattijo daga kudancin Kaduna, wanda ya dasa yawancin abin da ke wurin. Yagaggiyar rigar sanyi ce a jikinsa, da takalmin roba har gwiwa, ga wani tari da ba ya barinsa ya ƙarasa magana.

Ku sani, fure ba amarya ba ne da za ka ce wa "ɗan ɗago kai". Da sassafe ake ɗaukarsa, kafin rana ta yi ƙarfi ta wanke launinsa. Iska kuma ba ta barinsa ya tsaya, don haka sai an sami mai riƙe reshen daga gefe, ya kuma tare bayansa da baƙin ƙyalle. Aikin Baba ke nan a kwanakin da muka yi. Sanyin bakin rafin nan kuwa, tumbina da ke gumi ko a cikin ruwan sama sai da ya roƙe ni bargo. Haƙorana suna ta tafi kamar an ci ƙwallo. Baba kuwa tun asuba yake cikin ruwa.

Shi ya kai ni gindin gurjiya, ba ganye ko ɗaya, amma jan fure ya cika ta. Ya nuna mini furen kariya, da na rawaya da ke ɓullowa daga ƙasa inda aka ƙona ciyawa. Ni kuma magana ɗaya nake yi masa tun safe: "Baba, matsa, kana shiga!" Sai ya matsa yana dariya yana tari, ya ce, "Mai hoto, ko matata ba ta kore ni haka ba."

Ran da muka gama na ce, "Baba, tsaya nan gindin gurjiya in yi maka naka. Kyauta."

Ya dubi jikinsa daga sama har ƙasa. "Haba, mai hoto! A wannan tsumman? Jikokina su gani su ce kakansu ya zautu? Ɗinkina na Kirsimeti yana wurin tela. Bari ya fito, ni da ƙafata zan zo shagonka, har da hula."

Na ɗaga kyamara da wasa, ya kare fuska da hannu. Na ƙyale shi. Kun san halin mutanenmu: ba mai yarda a ɗauke shi da kayan aiki. Na taɓa jiran bakanike ya je gida ya yi wanka ya fesa turare saboda hoton fasfo, kamar turaren zai fito a takarda.

Kalanda ta fito, ta yi kyau. Cikin Janairu sai ga wata mata a ƙofar shago, idanunta a kumbure.

"Kai ne Oga Sabo? Ni Saratu ce, 'yar Baba Yohanna. Baba ya yi barci shekaranjiya."

Wato ya rasu. Sanyi ne ya kama ƙirjinsa. Tun kafin Kirsimeti ya kwanta, ɗinkin ma a gadon asibiti aka nuna masa. Za a kai shi ƙauyensu, kuma a al'adarsu ana buga takardar jana'iza da hoton mamaci a gaba, a ajiye babba a gaban majami'a. Sun birkice gida kaf, abin da suka samu tsohon katin aiki ne da aka taɓa wanke shi a aljihu.

"Ya ce mana ya yi kwanaki da mai hoto," in ji ta. "Na san ba za a rasa ba."

Na zaunar da ita gaban kwamfuta muka fara bi. Hotuna kamar yashi. Ga gefen hannunsa. Ga bakin takalminsa. Ga inuwarsa a kan kariya. Duk inda fuskarsa ta so shiga, ni na kore ta. A ɗaya kaɗai muka gan shi cikakke, can nesa a ƙarshen lambu, ɗauke da bokitai biyu, kansa bai fi ƙwayar gero ba. Na jawo shi kusa, fuskar ta farfashe.

Na ce, "'Yar'uwa, kawo katin. Ni da nake mayar da tsohuwa budurwa, wannan ba zai gagare ni ba." Na goge, na cike, na gyara ido da hanci. Wani kyakkyawan mutum ya fito, kamar mai neman kansila.

Ta daɗe tana kallo. "Oga, sannu da ƙoƙari. Amma wannan baban wani ne."

Ta ce in mayar da na nesan yadda yake, kada in jawo, in wanke mata shi babba. "Mama za ta gane tsayuwarsa," ta ce. Haka aka kai hoton majami'a: itatuwa tsirara sun cika takarda, mamacin ɗan ɗigo a gefe. An ce mini mutane sai sun matsa suna tambaya ina yake.

Abin da na koya ke nan. A sana'armu kowa jira yake ya shirya kafin ya tsaya mana, kuma masu aikin wahala su ne suka fi kowa jira. Shi ya sa yanzu duk inda muka je aiki kuke ganina ina bin maigadi da mai shara da mai wanke-wanke, ina zuba musu shirme har su gaji su tsaya. In mutum ya ce sai ya sake riga, ina ce masa, "Na ji, za mu yi wancan. Tsaya a yi wannan tukuna." Wasu har zagina suke. Ina shanye zagin, in danna.