Yadda Ruwan Sama Ya Kai Ni Bencin Gaba

Ubana mahauci ne a wani ƙauye kusa da Goronyo. A zamanin Turawa, da hakimi ya aiko cewa kowane dagaci ya ba da yaro guda don makarantar elementare ta Rabah, dagacinmu ya ɓoye ɗansa cikin rumbun gero, ya turo dogari gidanmu. Mutane na ganin boko hanyar lalacewa ce, gara a kai ɗan talaka.

Innata ta sha kuka. Maƙwabcinmu, wani tsoho mai sayar da albasa, ya zo ba ta haƙuri.

"Kukan mi kike yi? Ɗan mahauci mi zai gane a allo? Kahin girbi sun maido miki shi."

Ya faɗi haka ne da kyakkyawar niyya, kuma har ta ji sanyi.

A makaranta malaminmu ya zaunar da mu bisa ga gidajenmu. 'Ya'yan sarauta da na alƙalai a gaba, na 'yan kasuwa a tsakiya. Ni da wani ɗan masunci da 'ya'yan majema biyu munka samu bencin ƙarshe, jikin bango. Kunnena na hagu ya toshe tun wani ciwo da na yi ina ƙarami, malam kuma ba shi da ƙarfin murya. Bakinsa kawai nake gani yana motsi. In ya tambaye ni, sai in miƙe in yi murmushi. Da haka anka san ni da daƙiƙin aji, ban ko damu ba, don tuwon makaranta ya fi na gidanmu yawa.

Da damina ta kankama, rufin ajin ya fara yoyo daidai kanmu. Wata safiya munka jiƙe sharkaf, malam ya ce mu ɗauko bencinmu mu aje gabansa. Ranan na fara jin cewa baƙaƙen da ke kan allo kowanne da irin kukansa. Daɗi ya kama ni, na riƙa maimaita su da ƙarfi har aji ya fashe da dariya.

Ba a daɗe ba na fara haɗa kalmomi. Malam ya tsayar da ni bayan an tashi.

"Kai, ashe kana da kai? Ina ka aje shi da?"

"Allah gafarta malam, can baya ba ni jin ka."

Ko da anka gyara rufin, bai mai da mu baya ba. Ɗan masuncin nan ma ya fi ni, lissafi a wurinsa kamar wasa.

Da na koma gida hutu, na karanta wa jama'a rubutun jikin wani gwangwanin kananzir a bakin kasuwa. Abin ya dami dattawa, sunka zauna neman dalili. Daga ƙarshe sunka yanke cewa kakata ta wajen uwa jinin malaman Wurno ce, can na gado.

Na kai mata labari tana cikin murza ƙuli-ƙuli. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ubanta jakkai yake kora zuwa Achida har ya bar duniya. Ta ƙara da cewa kada in gaya wa kowa, don tun safe mata ke durƙusa mata suna gaishe ta, kuma abin ya yi mata daɗi.