Ƙwayar da na dama wa ɗan ƙanwata a fura

Ina yi wa mai kula da wannan shafi sallama, da duk wanda idonsa zai kai kan wasiƙata. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba, domin wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa suna raye.

A shekarun da suka biyo bayan babban farin nan da ya cinye dabbobin Damargu, ni mace ce mai ƙarfi a jika. Mijina ya rasu bai bar ni da ɗa ba, ina zaune a wani ƙauye kusa da Gangara ina sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ƙanwata da muke uwa ɗaya uba ɗaya tana aure a garin, danga ce kawai ta raba gidana da nata. Mijinta manomi ne, da an kai amfanin gona gida yakan tafi cin rani kudu, sai damina ta kusa ya dawo. Ɗansu na fari shi ne dalilin wannan rubutu.

Tun da yaron nan ya fara tafiya ban taɓa ganin ya zauna ya cinye tuwonsa a wuri ɗaya ba. Zai kai loma baki ya miƙe ya bi kaza, ya bar kazar ya hau turmi, daga turmi sai kan rumbu. In aka aike shi sayen gishiri sai ya dawo da fara a hannu, ya manta abin da ya fitar da shi. Ba mugunta a ransa ko kaɗan. In ya fasa tulu shi zai fara kuka, ya tattara tsingaro yana ƙoƙarin haɗawa. Amma mutanen gari ba zuciya suke dubawa ba. Wasu suka ce iskoki ne, wasu suka ce uwar ce ta sangarta shi. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an yi duka har mai dukan ya gaji. Ƙanwata ta daina zuwa suna da biki don kunya, ta rame, ga goyo a bayanta. Wata rana ta shigo gidana ta zauna bakin murhu, ta ce mini ita dai ta fara jin tsoron kanta, don ta ɗaga taɓarya a kansa ba ta san lokacin da ta yi ba. Na ce daga gobe ta riƙa turo mini shi da safe, ta karɓe shi da yamma.

Yana da wajen shekara biyar lokacin. Ban san komai ba, a kansa na koya. Na lura in na bar shi ya kora jaki zuwa rijiya da sassafe, ya yi gudu har ya yi gumi, yakan dawo ya ɗan natsu. Na lura in na jera masa aiki uku babu wanda zai yi, amma in na durƙusa na kama kafaɗunsa na faɗi abu guda, zai yi. Nakan zuba masa gyaɗa a ɗan ƙoƙo ya ɓare, in ya gama ya zagaya gida da gudu ya dawo in ƙara masa. In ya yi daidai in yabe shi a gaban mutane, sai ka ga yana washe baki kamar an ba shi doki. Na koya wa uwarsa, ita ma ta fara samun sauƙi. Ba wai ya canza ba ne, ɓarna tana nan, amma ta ragu, duka ma ya ragu. Har ya zama ba ya yarda ya ci ko ya sha daga hannun kowa kamar nawa.

Mun taɓa kai shi gidan likita a Tanut. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya zuba masa ido yana taɓa wannan yana sakin wancan, sannan ya ce mana ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, akwai yaran da haka Allah Ya halicce su, hankalinsu ba ya tsayawa wuri guda. Ya ce abin da muke yi shi ne daidai, mu ci gaba, yakan yi sauƙi in an girma. Ya ja mana kunne kada mu ba shi wani magani da ba likita ya rubuta ba. Mun fito ranmu ba daɗi, domin mu ƙwaya muka je nema, aka sallame mu da haƙuri.

Da kaka ta yi, wata rana ina tuya hankalina ya ɗauku, yaron ya sulale ya kwance awakin maƙwabta don ya ga gudunsu. Suka faɗa wa dammunan hatsin wani dattijo da ake ganin girmansa, suka yi ɓarna. Aka kira uban gaban mai gari, aka faɗa masa magana a bainar jama'a. Ya dawo gida ya ce wa ƙanwata ko dai a gyara yaron nan kafin ya tafi cin rani, ko ta tattara shi su koma gidan iyayenmu. Ranar kasuwa ya dawo da wasu ƙananan ƙwayoyi farare a ƙulle cikin takarda, ya saya wurin mai tallan magani a faranti, wai na kwantar da hankali ne. Yaron ya ƙi sha daga hannunsa, ya ƙi daga hannun uwarsa. Sai ƙanwata ta zo mini da kuka. Har yau ina jin muryarta: "Yaya, ki rufa mini asiri, ke kaɗai yake yarda da ke." Na tuna maganar majo, na tuna sarai. Amma na dubi aurenta, na dubi jaririyar da ke bayanta, ni ma kuma na gaji. Na murƙushe ƙwayar na dama a fura na miƙa masa. Ya shanye ya ce mini, "Inna, furar ta yi daɗi."

Ranar ya wuni a kan tabarma. Kwanaki kaɗan gari ya ɗauka yaro ya shiryu. Matan da suke zagin ƙanwata suka riƙa shigowa yi mata barka, uban yana tafiya yana ɗaga kai. Ni ina ganin yawu na zuba a bakinsa, ina ganin yana tuntuɓe a inda babu dutse, na ci gaba da dama masa. Da jikinsa ya saba, ya fara motsi, uban ya ce a ƙara, na ƙara. Wata safiya na ba shi, ya kwanta a inuwar rumbu, har azahar bai tashi ba. Na girgiza shi, leɓɓansa sun sauya launi, numfashinsa da ƙyar. Kafin a samo amalanke a kai shi Tanut rana ta yi nisa. Majo ya yi ta fama har ya farfaɗo. Da ya tambayi abin da aka ba shi, uban ya sunkuyar da kai, ni na amsa. Bai zage ni ba, ya dai ce ai ya gane ni, ni ce wadda ya yaba wa.

Yaron ya rayu, amma wanda muka kai ba shi muka dawo da shi ba. Maganarsa ta sarƙe, ƙafarsa ɗaya ta zama sai ja. Uban da ya sayo ƙwayar ya shiga gari yana cewa mata sun lalata masa ɗa, kafin damina ya saki ƙanwata. Auren da na so in tsare bai tsaru ba. Waɗanda suka yi barka su ne suka koma cewa dama sun san za a yi haka. Babu wanda ya nemi mai farantin. Ƙanwata ba ta taɓa ɗora mini laifi da baki ba har ta koma ga Allah, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Yanzu ya kai shekarun magidanci, ba gida ba mata, yana wurina, ni nake yi masa wanki da tsufana.

Abin da na gane shi ne, yaron nan ba shi ne ya kasa ba, mu manya ne muka kasa jure surutun mutane. Muna kan hanya mai kyau, tana da tsawo ne kawai, muka bar ta don a daina nuna mu da baki. Ina roƙon duk uwa ko uba da Allah Ya ba irin wannan ɗa, da duk ƴar'uwar da ke taya su riƙo: ku nemi masana, ku ji abin da suka ce, ku ba yaro wurin gudu da aiki daidai ƙarfinsa, kada ku saka masa a baki abin da ba ku san shi ba don a ce ɗanku ya natsu. Masu matsa muku lamba ba za su kwana da shi ba in ya lalace. Ni na samu shirun da gari ya nema, kuma ni kaɗai aka bari da shi a ɗaki.