Ranar da sefar Sama'ilu ta ƙi ci a Garwa

Duk ƙauyukan ƙasar Bici da ke shan ruwan kogin Watari babu wanda ya kai Sama'ilu Mai Albasa sanin duniya, in dai a bakinsa za a ji. Duniyar tasa kuwa Maraɗi ce. Duk shekara in ya cire albasa sai ya bi mota ya kai can, ya dawo da sefa, kuɗin mutanen Nijar, yana baje ta a majalisa.

"Ku ga kuɗi," in ji shi, "ba irin naku da ke ramewa a aljihu ba."

Ba ya kashe ta. Dutsen guga yake sa mata, ya jera a tsohuwar hula, ya tura ƙasan adaka. Matarsa Maimunat ta rantse hular nan yake fara gaisarwa da safe kafin ita.

Ana haka 'yarsa Ramlat, wadda ke aure a Garwa ta ƙasar Kamaru, ta haifi namiji. Sama'ilu ya ɗaga waya ya cika wa surukai baki: "Kada wanda ya taɓa ragon suna. Ni zan saya, da kuɗinku na can!"

Maimunat ta ce, "Malam, da ka tambayi masu zuwa can."

"Ni za a koya wa sefa? Sefa ai sefa ce, ko a bangon duniya."

A bakin iyaka 'yan canji suka yi ta kiransa, ya wuce su yana dafe da aljihu yana musu kallon tausayi. Ana gobe suna ya isa. Alhaji Hashimu, uban mijin Ramlat, ya raka shi kasuwar dabbobi. Sama'ilu ya zaɓi wani rago da in ba don ƙaho ba sai ka ɗora masa mangala. Aka yi ciniki, ya zaro gogaggun takardunsa yana kallon sama.

Mai rago ya juya su, ya sake juyawa. "Baba, daga ina?"

"Kano ta Dabo."

"To wannan sefar yamma ce, ta su Nijar. Ka ga tambarin kifin nan? Ba ya iyo a ruwanmu. Tamu daban ce."

Zufa ta keto wa Sama'ilu har albasar bara sai da ta fito ta goshinsa. Alhaji Hashimu ya kau da kai don kunya, ya fara zura hannu a aljihu.

Sama'ilu ya cafke hannun. "Alhaji, in ka ciro ko sisi, a ƙafa zan koma Bici. Na ce ni zan saya."

Suka nemo wani ɗan canji a gindin darbejiya. Ya karɓi sefar yamma da fara'a, ya yi mata askin kwal-kwabo, ya miƙo ta Kamaru. Abin da ya rage ko wutsiyar babban ragon bai kai ba. Sama'ilu ya zagaya har ƙarshen kasuwa, ya samo wani ɗan rago, lafiyayye dai, shekarunsa sun kai, amma in iska ta taso sai an riƙe shi.

"Malamai ba su ce a ɗora rago a sikeli ba," in ji Alhaji Hashimu.

Sama'ilu da kansa ya ja igiyar har ƙofar gida, kai a sama, kamar mai jan raƙumi. Washegari aka yanka, liman ya raɗa wa yaro suna Sama'ilu. Nama kuwa ya zagaya, ko da yake an ce wasu ƙamshi suka samu.

Da ya dawo ya sa tela ya ɗinka masa aljihu biyu a cikin taguwa, ɗaya gabas ɗaya yamma. Yanzu a majalisa cewa yake, "Sefa iri biyu ce, ku jahilai," kamar da sanin aka haife shi.

Ragon kuma tun da aka cinye shi yake ƙiba. Bara a bakin Sama'ilu ya kai maraƙi. Bana Maimunat ta ji yana cewa mutum huɗu ne suka kayar da shi.