Shafin da Kaka Ta Yi Barci a Kai

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Kawu Bulus, ƙanen mamata, kuma a watan jiya na tafka wautar da in da yana raye sai ya yi dariya har tabaransa ya faɗi. An zaɓe ni in wakilci makarantarmu a gasar kimiyya a nan Kafanchan, in yi bayanin akwatin busar da citta da muka ƙera. Na zauna na haɗa shafi arba'in da biyu a kwamfuta. Kowane harafi sai ya yi tsalle ya yi juyi kafin ya zauna. A ƙarshen kowane shafi kuma na saka ƙarar tafi, don ko mutane sun ƙi tafa mini, kwamfuta ta tafa.

Kawu malamin gona ne. Aikinsa ya hau babur zuwa Fadan Kagoma ko Madakiya, ya yi wa manoma bayanin taki da feshi da cutar da ke ruɓar da citta, irin bayanin da zai sa akuya hamma. Amma yana da dabara ɗaya. Kafin kowace fita sai ya jira Kaka, mahaifiyarsa, ta ƙoshi da tuwon rana, ya zaunar da ita a gindin mangwaro, ya karanta mata abin da ya shirya. Duk takardar da ta fara gyangyaɗi a kai, nan take zai yage ta. Na taɓa ganin ya fara da goma ya tashi da ɗaya da rabi.

"Mama ta fi ni sanin citta," yakan ce. "In ta yi barci, ba ita ta faɗi jarrabawa ba, ni ne."

Saura kwana huɗu gasa na tuna da wannan. Na jira Kaka ta gama tuwo, na ɗora kwamfutar da makaranta ta ara mini a kan turmi, na fara. A shafi na uku, ban ma gama godiya ga alƙalai ba, kanta ya sauka. Ƙarar tafin ce ta farkar da ita. Ta ɗaga hannu ta ce, "Amin!" Ta ɗauka an tashi daga sujada a coci.

Ƙannena sun yi ta birgima don dariya. Ni kuwa abin bai ba ni dariya ba. Shugaban makaranta ya riga ya gaya wa duniya cewa yaron gidan su Malam Bulus ne zai yi magana. Kaka ta riga ta ba da gugar zaninta na ƙungiyar zumuntar matan coci, ta ce a layin gaba za ta zauna. Duk wanda ya san Kawu ya san ma'anar barcin Kaka. In ta yi munshari a gaban alƙalai, sai dai in koma Kajuru in canza suna.

Na sha tambayar kaina me Kawu zai ce da wannan zamani, da waya za ta rubuta maka jawabi kafin ka gama atishawa. Ina jin da zai yi murna, don mutum ne mai son sabon abu. Amma na tabbata da zai karɓi jawabin, ya ce a zuba wa Mama tuwo. Abin da ya fi damuna shi ne ba ni da wanda zan tambaya. Shekarata goma sha uku lokacin da ya tafi. Wani lokaci in na nemi muryarsa a kaina, sai in ji kalmomin kawai, babu muryar.

Ba a yage kwamfuta, don haka na yi ta gogewa. Washegari na koma da shafi goma sha biyar. Kaka ta kai na shida kafin barci ya ɗauke ta, wurin da na zana yadda iska ke shiga ta ƙasa, ta yi zafi, ta kwashe laima ta fita ta sama. Na girgiza gwiwarta kamar zan yi kuka.

"Kaka, don Allah, me kike so ki ji?"

"Kai yaro, ina ruwana da iska? Shekara nawa ina shanya citta a bakin hanya, ina korar kaji da awaki. Gaya mani yaushe zan huta."

Ban taɓa tunanin wannan ba. Wata uku muna buga katako da fenti, ban tambayi mai shanyar ba.

Ranar gasa na hau dandamali da shafi huɗu da leda biyu. Ban yi gaisuwa mai tsawo ba. Na miƙa wa alƙalai cittar bakin hanya mai ƙasa da gashin kaza, na miƙa musu ta akwati, na ce su shinshina su faɗi wadda za su saya. Sai da suka zaɓa na nuna zanen iskar. Ido ɗaya a kan majigi, ɗaya a kan Kaka. Ashe na manta tafi ɗaya ban goge ba. Ina tsakiyar magana kwamfuta ta ɓarke da tafi, ɗaki ya fashe da dariya, na ce musu kwamfutar kaɗai ce ta fahimta tukuna.

Kawu bai bar littafi ba, takardunsa ma yawanci shi ya yage su da hannunsa. Babur ɗin ya daɗe da lalacewa. Abin da ya rage mana shi ne kujerar gindin mangwaro, da sanin cewa in mai sauraro ya yi barci, laifin mai magana ne.

Mu muka zo na uku. Kaka ta yi barci, amma sai lokacin da waɗanda suka zo na ɗaya ke bayani.