Buhun Shinkafar Kaka

Na yi shekaru ina tsaron shagon wani Alhaji a Bagudo. Taki muke sayarwa da maganin feshi da injin ban-ruwa, ranar kasuwa kuma mu loda mota zuwa Lolo, inda mutanen tsallaken Benin ke zuwa saye. Matsalar wannan sana'a ita ce cinikinta da damina yake tashi, daidai lokacin da kowane mai gona ke gonarsa. Ni ma ina da fadamar da mahaifina ya bar mini a bayan ƙauyen Geza.

Daminar farko na nemi izinin zuwa shuka. Alhaji ya yi dariya ya dafa kafaɗata.

"Taura biyu ba ta taunuwa, ɗana. Shagon ga naka na. In kat tahi gona, wa zan bar ma makulli?"

Kalmar "ɗana" ta shige ni, don ban daɗe da rasa uba ba. Alhaji ya ce in ba ƙanensa aron fadamar kada ta zama daji. A wajenmu wanda ya ari gona yakan kai wa mai ita wani abu daga amfanin kowace kaka, ko da kwano ne, don jama'a su san aro ne. Alhaji ya ce wannan ma kada ya dame ni, ta hannunsa zai riƙa zuwa. Haka kuwa aka yi, duk kaka sai ya sa a kai buhun shinkafa gidana.

Daga nan na zama ɗan shago ba dare ba rana. Suna da biki sai dai in aika matata. Alhaji yakan nuna ni ga sauran ma'aikata ya ce su yi koyi da ni, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura. Abokaina suna tsokanata wai ko kabarina a bayan kanta za a haƙa.

Da aka rufe boda shinkafar gida ta yi daraja, iyali kuma sun ƙaru, sai na je wurin ƙanen Alhaji na ce ina son gonata bana. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce wace gona? Ai sayar masa na yi tun tuni.

Muka je gaban maigari. Hankalina kwance, don ni na roƙi Alhaji ya zo shaida, a kan mashin ɗina ma na ɗauko shi. Maigari ya tambaye shi ko buhun da ake kai mini na aron gona ne.

Alhaji ya gyara zama. "Ranka shi daɗe, buhun ga kyautata ta. Ni ka ba shi daga aljihuna, saboda ban taɓa samun ma'aikaci irinai ba. Yaron ga tun da yaz zo wurina bai taɓa taka gona ba, ko rana guda. Abin da sunka ƙulla da ƙanena kuwa, Allah na gani, ban sani ba."

Yabona yake yi, dattawa suna gyaɗa kai. Duk daminar da na ba shi ita ya ɗauko ya kafa hujja da ita a kaina. Ba ni da wani shaida, don ban taɓa zaton zan buƙaci wani ba. Maigari ya bar gona a hannun mai nomanta.

Ban taɓa jin ɗaci irin na ranar ba, kuma har yau ban yafe ba. Da muka fito ina kwance mashin, sai ga Alhaji ya zo ya hau baya kamar yadda muka zo.

"Mu yi sauri," in ji shi. "Gobe kasuwar Lolo, ba a loda mota ba."

Na tuna yara, na tuna ba ni da wani abin da zan ciyar da su sai shagon nan. Na tayar da mashin, na kai shi, na kuma loda motar.