Yatsan Kaka a Kan Daddawa

'Yata ta ɓata mini rai, kuma ba zan rufe ba don ni na haife ta. Ta ɗauki daddawar da na shekara talatin ina yi, ta liƙa mata hoton wata mata mai doguwar farar hula, da kambi a samanta, da Turanci layi uku wai duk Arewa babu kamar tawa. Ban san matar nan ba. Ban kuma taɓa zagaya Arewa ina ɗanɗana daddawar mutane ba. Mai kantin da nake kai wa kaya a Samaru ne ya ce ba zai ƙara karɓa ba sai da takarda manne a jikin roba, na ce wa yarinya ta taimaka tunda ita ce ta yi boko mai zurfi. Sai ga abin da ta nuna mini a waya, wai gobe da azahar za a buga.

Na ce, "Ina yatsan?"

Ta ce, "Haba Umma, dangwale kuma? Ke da kika shiga aji da 'ya'ya biyar don kada a sake miƙo miki tawada a gaban mutane?"

Nan ta yi gaskiya. Ina da shekara talatin da bakwai na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda wani ma'aikaci ya kama hannuna ya dangwala a takarda kamar hannun ba nawa ba. Na tashi na je na ɗaga buhun da na rufe kwandon kalwa da shi, don ranar ce ta uku. Warin ya bugi fuskata, sai ga ni a tsakar gidanmu na cikin birni, ina 'yar shekara goma.

Gidan yana kusa da Ƙofar Galadima, da rimi a bayansa. In bazara ta yi, mutanen ƙauye kan shigo da kalwa a kan jakai da kekuna, su sauke a zaure. Kaka ba ta fita. Daga bayan ƙofa za ta miƙo hannu a zuba mata, ta murza, ta ciza ɗaya, ta ce a shigo da wannan, a mayar da wancan. Daga nan sai wuta. Tukunya kan yini tana tafasa, a surfa a turmi, mu yara mu yi ta jan guga ana wankewa har tafin hannunmu ya yi fari ya tattare. A sake dafawa, a juye a kwando, a rufe, a kai ɗakin da ba mai shiga sai ita. Kwana uku. Ba ta ɗaga buhu ta leƙa. Takan tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ta ja numfashi, ta ce da saura, ko ta ce a kawo turmi.

Bayan an kirɓa an mulmula an faɗaɗa, kafin a shanya, sai ta wanke hannu ta zauna a tabarma. Kowace guda sai ta danna mata babban yatsanta na dama a tsakiya. Yatsan yana da tabo, wuƙa ce ta yanke ta tun tana budurwa, saboda haka shaidar takan fito da ɗan layi a karkace. Ba mai magana lokacin. Ko Kawu in ya shigo sai ya jira ta gama.

Ni ce mai talla, shi ya sa ban ga aji ba. Wannan wani ƙorafin ne, na wata rana. Abin da nake so ku sani shi ne yadda ta koya mini magana. Sauran yara suna tafe suna kwarara murya, mai daɗi, mai ƙamshi, ta fi ta kowa. Ni an hana ni. In na isa gida in yi sallama, in jira a amsa, sannan in ce, "Kaka na gaisuwa, daddawa ta nuna." Sau ɗaya. Ba ƙari, ba waƙa, ba roƙo. Na taɓa ce mata ƙawayena suna mini dariya, wai tallata kamar ta'aziyya. Ta ce, "Ke ja'ira, daɗi a bakin mai ci yake. Wa ya aike ki ki faɗa masa abin da ke bakinsa?"

Da kalmomin nan shida na san birni. Na shiga gidajen malamai da na alƙalai, na bi lungunan Kusfa, har wata ma'aikaciyar jinya daga Wusasa kan tare ni a hanya ta juya daddawa ta duba tsakiya kafin ta ɗauka. Lokacin ne dunƙulen kanti ya fara cika gari, rediyo na ta yabonsa safe da yamma. Kaka ba ta taɓa zaginsa ba. Ba ta kuma ƙara ko kalma ɗaya a kan nata ba.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ita, Goggo ta karɓi aikin. Goggo ba malalaciya ba ce, amma ta ga rana ta fito bayan kwana da kwanaki ana ruwa, sai ta buɗe kwando a rana ta biyu don ta samu shanya. Kaka na kwance a ɗaki, ko gani ba ta yi ba, ta ce, "An yi gaggawa." Aka kawo mata faifai don ta sa yatsa, sai ta mayar da hannunta cikin mayafi. Ta ce a kai talla, ba haram ba ce, za ta yi miya, amma in faɗa wa kowa ta Goggo ce.

Na faɗa a gida na farko, aka ce Allah ya ba Kaka lafiya, sai ta tashi. Na biyu haka. Na uku ma ko sauke farantin ban yi ba. Rana ta take, ƙawayena sun sayar suna komawa, ni kayana ko ɗaya bai ragu ba. Sai na ratse wajen ganuwa, inda ta zube yara suka yi hanya, na tsuguna. Daddawar ba ta gama bushewa ba. Na danna yatsana a kowace guda, har na sa farce na ja ɗan layi. Gida bakwai na shiga ina cewa Kaka na gaisuwa, gida bakwai suka saya.

Na takwas gidan wata Hajiya ne a Kusfa, tsohuwa, idonta ya daɗe da rufewa. Kullum ita da kanta take zaɓa. Na durƙusa na miƙa mata. Ta shafa gefe, ta kai yatsanta tsakiya, sai ta tsaya. Ta ɗauki wata ta shafa.

Ta ce, "'Yar nan, ta rasu ne ba a gaya mini ba?"

Na ce a'a, zazzaɓi ne kawai.

Ta ce, "To wannan yatsan yaro ne. Ramin bai kai ba, layin kuma ja aka yi." Sannan ta ce, "Shekara arba'in matar nan tana gaishe ni da yatsanta. Ban taɓa jin muryarta ba, ba ta taɓa taka gidan nan ba. Amma in ta yi fushi na sani, in ta gaji na sani. Yau kin sa na yi mata kuka tana raye."

Mata biyu, kowace a bayan katangarta, ɗaya ba ta gani, ɗaya ba ta fita, ba wadda ta san harafi, amma sun san juna fiye da yadda na san maƙwabciyata ta yanzu da muke gaisawa ta waya. Ni da nake ɗauke da farantin kullum ban san abin da nake ɗauke da shi ba.

Na koma gida na faɗa da bakina, don na san in ban faɗa ba Kusfa za ta faɗa. Na zaci duka. Kaka ta tashi zaune da ƙyar, ta sa aka sauko da tulun da take ajiyar daddawar gida, wadda za mu ci har lokacin girbi. Ta juye ta duka a farantina. Ta ce in koma gida bakwai ɗin nan, in karɓo waccan in ba su wannan, in kuma ce, "Yatsana ne ɗazu, ba na Kaka ba." Goggo ta ce a bari sai gobe, yarinya ta gaji. Kaka ta ce kafin gobe an zuba a miya.

Na je. A wani gida aka yi dariya, a wani aka ce ba komai, a wani matar ta dube ni kawai, wannan ya fi duka zafi. Daminar nan miyarmu lami muka sha ta.

Shekara biyu bayan haka, wata safiya, ta kira ni bakin ɗakin kwando ta ce me hancina ya ce. Na ce da saura. Ta ce sai yaushe. Na ce sai la'asar. Da la'asar aka kawo turmi. Da aka zo sa shaida, ta danna nata, sannan ta kamo hannuna ta danna nawa a gefensa. Ta ce in fara kai wa Hajiyar Kusfa. Tsohuwar ta shafa, ta ƙara shafawa, ta yi dariya har da tafi, ta ce, "Biyu! To wannan karon da izini kika zo."

Yanzu rimin ya faɗi, an yi shaguna a wurin. Kaka da Hajiya sun daɗe a ƙasa. Masu sayen daddawata ba su san fuskata ba, a kanti suke ɗauka, cikin roba, ba mai sallama ba mai amsawa. Na yarda dole takarda ta yi mini magana a inda ƙafata ba ta zuwa. Abin da ban yarda ba shi ne ta yi magana da bakin da ba namu ba. Dangwalen da aka tilasta mini shi na tsana. Wanda Kaka ta ba ni sai da na shekara biyu ina neman sa.

Washegarin ranar da aka nuna mini hoton nan a waya, da hantsi na sa hijabi na ce wa 'yata ta taso mu je wurin mai buga takardu. Na ce masa ya cire matar, ya cire kambin, ya cire Turancin. Na nemi farar takarda da tawada, na danna babban yatsana da kaina. A ƙasa na rubuta da hannuna, a hankali, yadda aka koya mini a aji: Muna gaisuwa, daddawa ta nuna.

Ya ce, "Hajiya, shi ke nan? Ga fili ya ragu a gefen yatsan, in matso da shi tsakiya?"

Na dubi 'yata, na ce, "Bar shi. Akwai mai shi, hancinta ne bai nuna ba tukuna."